Na Cire Gangarka daga Kiɗanmu, Haruna

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Zuwa ga taubashina Haruna, ɗan Gwaggo Mariyama, a Tamanraset, ko duk inda ɗinki ya kai ka yanzu.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mutanen da kuke zaune tare. Mu nan Dakoro sai godiya. Ruwa ya sauka daidai gwargwado, gero ya fid da kai, masu dabbobi sun hau arewa wajen Tagris, aikina na allurar dabbobi ya ɗan yi sauƙi.

Lambar da ka bar mana ta daina shiga tun bayan babbar salla. Na gwada har na gaji. Shi ya sa na kawo maganar shafin gurup ɗinmu, inda kowa zai karanta. Na san akwai ƴan garinmu a can da ke leƙa shafin, wani cikinsu zai miƙa maka salula ya ce ga saƙon Laminu. Sunan da aka san ka da shi a nan ba zan rubuta shi ba, tun da ka ce a cire. Haruna kuwa suna ne da aka yanka rago a kansa, ba ka hana ni shi ba.

Magana ce a kan abin da ka roƙe ni kafin ka tafi. Amma akwai sababbin shiga da ba su san ka ba, ka yi haƙuri in ɗauko ta daga tushe.

Ka tuna dilar gwanjon da ka saya don ka rage wa rigunan girma ka sayar? A aljihun wata kwat ka tsinci ƴar na'urar wasan yara, mai launin toka, girmanta bai wuce tafin hannu ba. Ka sa mata pil, wato batir. Gilashinta ya mutu, ba a ganin komai, amma ta yi ƙara. Na zo rumfarka da azahar na tarar ka tsai da keken ɗinki, ka kara abin a kunne, wandon mutane na jiran a yi masa ƙafa. Muna da gemu mu duka biyu a lokacin, ni har da ƴaƴa. Na ce ka girma da wannan. Ka ce, “Laminu, wanga abu ba ƙara yake ba, kiɗa yake. Tsaya ka ji.”

Na tsaya na ji. Wata irin murya ce siririya, tsit-tsit, babu daɗin goge, babu nauyin ganga, amma tana tafiya a kan hanya, tana komowa inda ta faro.

Kai ne ka bi diddigi a salula har ka gano akwai mutane a duniya da ba su da aiki idan sun taso daga aiki sai yin kiɗa da irin wannan murya ta tsofaffin na'urorin wasa. Suna ce mishi ciptun. Ka sauko da aplikasiyon da ake yin shi, ka sa mini ni ma. Na buɗe ina zaton zan ga hoton ganga ko garaya. Sai na ga layuka a tsaye guda huɗu, cike da haruffa da lambobi, kamar takardar sakamakon kwalej. Ka yi mini bayani: kowane layi murya ɗaya ce. Biyu na farko sirara ne kamar sarewa. Na uku mai kauri ne, shi ke riƙe ƙasa. Na huɗu kuwa shuuu ne kawai, irin na rediyon da ya ɓace tasha, amma idan an datse shi gajere-gajere sai ya zama ganga. Muryoyin ke nan, babu ƙari. Duk abin da ke ranka sai ka matse shi ya shiga cikinsu.

Rabon aikin bai ɗauke mu gardama ba. Ka ce tun muna yara a ƙauyenmu Mai Yara ni ne mai damun mutane da fito, saboda haka in ɗauki sarewa biyun. Kai ka riƙe mai kauri da ganga. Idan aikin rigakafi ya kai ni daji, nakan zauna a inuwar mota da tsakar rana in tsara muryoyina, in jira mu hau wani tudu da ake samun rezo, inda salula ke kamawa, in turo maka. Kafin in dawo gari ka riga ka shimfiɗa musu ƙasa. Sau da yawa abin da na aiko yana rangaji kamar ɗan maraƙin da aka haifa yanzu, in dawo in tarar ya tsaya da ƙafafunsa.

Kiɗanmu na farko da muka ɗora a shafin Turawan da ke yin ciptun, an daɗe ba wanda ya tanka. Har mun ce ba su ji ba ne ko kuwa kunya suke ji mana. Sannan wani mutum daga wata ƙasa mai ƙanƙara ya rubuto da faransancinsa da ya fi namu karyewa. Ya ce sarewar ta yi, amma gangar ce ta hana shi sakat: ya ƙirga ta ta kowace hanya, kullum sai ya faɗi a wuri ɗaya. Ka yi dariya har allura ta soke ka. Kiɗan kalangun mahauta ne na ranar kasuwa ka kwaikwaya. Ka ce, “Rubuta mishi ba ƙirga ta ake ba, bin ta ake.” Na rubuta. Ya roƙi fishiyen, wato fayil ɗin da muka tsara kiɗan a ciki, muka tura mishi, ya buɗe ya ga yadda ka jera ta.

A wurinsu muka koyi wannan al'ada, cewa ba a ɗora kiɗa a rufe. Kana ɗora abin da kunne zai ji, ka ɗora fishiyen da aka gina shi, kowa ya buɗe ya ga cikinsa, wanda ya ga abin da ya burge shi ya ara, ya faɗi wurin wanda ya aro. Da muka buɗe namu gurup na masu jin Hausa, wannan doka muka fara kafawa.

Mutane sun shigo fiye da yadda muka zata. Hadiza mai karatun haɗa magani a Damagaram ita ce ta uku, bayan mu biyu. Sai Sale mai albasa daga Tawa. Sai ƴan Kano, da ƴan Agadas, da wani direba da ke zaune a Gana. Kowane mako a ba da kan magana, kowa ya je ya yi mata kiɗa. An yi “guga ya faɗa rijiya”. An yi “kar ta lalace a hanyar Maraɗi”, kar wato motar bas. An yi “ango ya makara”, wanda direban Gana ya cinye, don ya sa muryar mai kauri tana haki. Yawancinmu ba mu taɓa ganin fuskar juna ba, amma idan aka kunna kiɗa ba a faɗi mai shi ba, muna ganewa.

Ganga dai taka ce a gurup ɗin, kowa ya sani. Wanda tasa ta ƙi zama sai ya turo maka, ka gyara tsakanin wannan riga da waccan. Wanda ya ji nauyin tambaya sai ya buɗe wani tsohon fishiyenka ya kwasa. Ba ka taɓa hanawa ba. Kana cewa, “Ku ɗiba, ba ta ƙarewa.”

Bayan rasuwar mahaifinka, Allah ya jiƙansa, ka rage shigowa. Ka fara zuwa karatu wurin malamin unguwarku bayan magariba, ba ka fashi. Na ɗauka zaman makoki ne bai sake ka ba, ban matsa maka ba. Na ci gaba da turo sarewa, wani lokaci ka sa mata ganga, wani lokaci ta kwana biyu a wurinka ta dawo yadda ta je.

Ranar da ka zo ka same ni a kara, kasuwar dabbobi, ina duba bakin wani bijimi da ake ciniki. Ka tsaya gefe sai da na gama na wanke hannu. Muka koma bayan shingen awaki inda hayaniya ta yi sauƙi. Ba ka yi mini wasan taubasantaka ba ranar, daga nan na san magana ce.

Ka ce, “Na bar kiɗa, Laminu. Na yi karatu, na yi tunani, zuciyata ba ta natsu da shi ba.”

Na ce to, Allah ya sa haka ya fi alheri.

Ka ce, “Ban ce ka bari ba. Ban zo yi maka wa'azi ba. Amma hannuna da ke ciki nake son a cire. Duk inda na sa ganga, duk inda sunana yake. Ba na so in kwanta a kabari ana kunna abin da na yi. Kai kaɗai zan iya roƙo.”

Na ce za a yi. Ban tsaya na auna girman abin ba, na ga idonka ne kawai na amsa. Ba a jima ba ka ɗaure kan kekenka a buhu ka hau mota zuwa arewa.

Kafin in wuce, in faɗa wa masu karantawa abin da na faɗa musu tun farko: ba muhawara na buɗe ba. Malamai sun yi magana a kan kiɗa, kowa da wanda yake bi. Kai ka bi abin da ka gamsu da shi, ni ma na tambayi nawa na zauna inda na zauna. Wanda ya rubuta zagi a ƙarƙashin wannan takarda, ko zaginka ko zagin masu kiɗa, zan goge.

Da na kai roƙonka gurup, Haruna, wuri ya yi zafi. Wani ɗan Kano ya ce abin da aka ba jama'a ya zama na jama'a, kai da bakinka ka ce a ɗiba. Wani ya ce yau an cire ganga, gobe wani ya tuba a cire sarewa, jibi a rufe gurup. Akwai waɗanda suka ji kamar ka ce musu ƴan wuta ne, ko da yake na maimaita musu kalmominka yadda ka faɗe su. Mutum biyu ko uku suka fice ba sallama. 

Hadiza ce ta kwantar da ƙurar. Ta aiko da murya, ba rubutu ba, tana magana a hankali kamar yadda ta saba. Ta ce, “Da ya ba mu, bai tambaye mu dalili ba. Yanzu da yake son abinsa, mu ma kada mu tambaye shi. Wanda bai iya ganga ba ya koya, ai abin da ya kawo mu ke nan.” Na fassara wa Baturen ƙasar ƙanƙara abin da ake ciki, don shi ma ya yi kiɗa da gangarka. Bai yi tambaya ko ɗaya ba. Ya sauke nasa, ya ce in gaya maka ya gode da aron, kuma har yanzu yana faɗuwa a wurin nan.

Aka tsai da shawara: kowa ya buɗe nasa ya cire, wanda ya rasa gane wace ganga ce taka ya turo mini in duba.

Na fara da namu. Aikin ba shi da wuya a hannu. Ka buɗe fishiye, ka shafa layi na uku da na huɗu, ka danna gogewa. Abin da ka yi mako kana jerawa, kafin a ɗaga kofin ruwa a ajiye ya tafi. Na farkon da na goge, na kunna in ji abin da ya rage. Sarewata ce kaɗai take yawo, tana tsayawa a wuraren da ta saba jiran ka, ba mai amsawa. Na kashe. Sauran duk na goge su ba tare da na saurara ba.

Daga nan sai zancen sa musu sabuwar ganga. Na zauna na koya, kamar yadda Hadiza ta ce. Na yi ta farko na ɗora ina jin kaina. Ba a daɗe ba ta rubuto mini a gefe: “Yaya Laminu, wannan tasa ce, ka dai juya mata baya.” Na sake saurare, gaskiyarta. Kunnena ya sha gangarka har ba ya jin wata. Duk inda na kai yatsa, inda za ka kai naka ne.

Wannan ya tayar da wata tambaya a gurup. Ɗan Kanon nan, wanda bai fice ba amma bai daina gardama ba, ya ce ai kai ma wurin mahauta ka ɗauko, to ina taka ta tsaya, ina tasu ta fara? Tambaya ce mai kyau. Saboda haka ranar kasuwa na je rumfar mahauta, na gai da tsohon da ke yi musu kalangu, na roƙe shi ya bar ni in ɗauki kiɗansa a salula. Ya ce in ɗauka, amma in matsa kada jini ya fallatsar mini. Na ɗora wa gurup yadda yake, har da sarar gatari da kukan awaki a ciki.

Da muka jera shi da taka sai bambancin ya fito. Kalangu yana lanƙwasa murya, yana hawa yana sauka idan an matse shi a hammata. Shuuu ɗin na'ura ba ya lanƙwasuwa. Ashe kai abin da ka yi, duk inda tsohon ya matse, sai ka bar rami, ka sa muryar mai kauri ta cike shi daga ƙasa. Ramin nan shi ne naka. Shi ne inda Baturen ke faɗuwa. Muka yarda a kan haka: kowa na iya komawa wurin mahauta ya ɗauko, amma ya nemi tasa dabarar, ya bar maka raminka.

An sha wahala. Kiɗan makonnin farko ba su da daɗi, ba zan ɓoye maka ba, wasu kamar ana jan tukunya a kan siminti. Amma an ci gaba. Hadiza ta fi kowa kamawa, yanzu ita ake tura wa ganga idan ta ƙi zama. Tata ta fi taka sauri, ba ta da haƙurinka, tana son cika kowane gurbi. Na saba da ita a hankali. Tsofaffin kiɗanmu duk na sake ɗora su da sabuwar ƙasa, sunanka babu a ko ɗaya.

Akwai abin da hannuna bai kai ba. Waɗanda suka sauke kiɗan a salularsu tun da, a garuruwan da ban sani ba, ba ni da hanyar bin su. Ko nan kara na ji “guga ya faɗa rijiya” na asali yana tashi daga aljihun wani dillalin raƙuma, ya sa shi kiran waya. Na tambaye shi inda ya samu, ya ce wurin mai sarjin salula, wato mai caji, na bakin tasha. Na je na yi wa mai sarjin bayani, ya goge daga ordinatarsa, wato kwamfuta, na ba shi sabon. Dillalin kuwa ya ce shi kiran wayarsa ba ruwansa da rigimar taubasai. Na bar shi.

Sai maganar Sale.

Kowa ya cire nasa ya ba da sanarwa, ban da shi. Kiɗansa ɗaya ya rage a shafin da gangarka a ciki. Ka san shi, wanda ya yi lokacin sunan ƴarsa Balkisa, ya turo maka ka zauna a kansa har ka ce ba ka taɓa yin wadda ta kai ta ba. An yi mishi magana a gurup, shiru. Na rubuta mishi a gefe, ya karanta bai amsa ba. Na kira, ba ya ɗauka. Waɗanda suka lalata nasu kiɗan don cika alkawari suka fara jin haushi. Suka ce ko ya cire ko a fitar da shi. Wasu suka ce idan aka fitar da Sale su ma sun tafi. Gurup ɗin da ya tsallake rigimar farko ya zo zai rabe a kan kiɗa ɗaya.

Na ce a ba ni lokaci. Na nemi hutu wurin aiki, na shiga kar ta Madawa na nufi Tawa. Ban taɓa ganin Sale ba, ban san ko dogo ne ko gajere ba. Na yi tambaya a kasuwar albasa aka nuna mini wata rumfa. Na yi sallama, wani siririn mutum mai furfura a gefen kai ya ɗago daga kan buhu. Ya ce, “Laminu Dakoro. Muryarka ce.” Ya girme mu, Haruna. Duk shekarun nan ina yi mishi magana kamar ƙanena.

Bai tambaye ni abin da ya kawo ni ba. Ya bar rumfar wa maƙwabcinsa, ya kai ni gida, aka kawo ruwa, aka kawo fura, aka kawo tuwo. Sai da muka yi la'asar muka zauna a zaure ya ciro salula ya ajiye tsakaninmu.

Ya ce, “Balkisa ta rasu daminar bara. Zazzaɓi. Mun kai ta likita, kwana ya ƙare.”

Ba wanda ya sani a gurup. A makon da abin ya faru ma ya shigo ya yaba kiɗan wani, ya fita. Na yi mishi ta'aziyya.

Ya ce tun tana zama ake kunna mata kiɗan, da ta fara tsayuwa takan kama ƙafar gado ta yi ta dira idan gangar ta shigo. Yanzu uwarta ce ke cewa a kunna, ba kullum ba, idan abin ya taso mata. Ya ce da roƙonka ya zo bai ƙi ba. Ya buɗe fishiyen ya cire gangar, ya sa wata, ya kunna mata. Ta saurara kaɗan ta ce, “Ba shi ba ne.” Ta tashi ta shiga ɗaki. Ya mayar da na da.

Ya ce, “Na san haƙƙinsa ne. Ban iya cewa a'a ba, ban iya cewa to ba, shi ya sa na yi shiru. Idan ka ce in goge, ga ta nan, goge da hannunka. Ni ba zan iya ba.”

Ya turo salular gabana. Na dube ta. Daga cikin gida ina jin matarsa tana kwashe kwanonin da muka ci abinci.

Ban goge ba, Haruna. Na ce mishi ya sauke kiɗan daga shafin, da shi da fishiyensa, ya cire sunanka, kada ya tura wa kowa ko da an roƙe shi. Ya rage a salularsa da ta matarsa, a cikin gidansu. Ya yi hakan a gabana. Da safe ya raka ni tasha da ƙullin albasa da na ce ba zan karɓa ba, ya ɗora a kan kar ɗin ya juya.

Da na dawo na gaya wa gurup an sauke, magana ta ƙare, ban faɗi sauran ba. Da zan rubuta wannan takarda na kira shi, ya ɗauka. Na ce zan gaya maka gaskiyar yadda aka yi, kuma a fili zan rubuta don ba ni da wata hanyar samunka. Ya ce in rubuta, ya gaji da riƙe ta shi kaɗai. Saboda haka ku da kuke karantawa, yau kuka ji. Wanda ke da lambarsa ya kira shi.

To ka ji yadda aka yi da amanarka. A shafinmu babu sauran gangarka. A gida ɗaya a Tawa tana nan, kuma ni na ce a bar ta, ba Sale ba. Ban san yadda malaminka zai kalli wannan ba, ban kuma yi maka alkawarin abin da ban sani ba. Idan ka ji ba ka yarda ba, ka aiko mini, ba zan yi maka gardama ba. Zan sake shiga kar in je in faɗa musu da bakina, ba zan aika a waya ba. Amma na so ka san inda take da abin da take yi kafin ka yanke.

Saura tawa maganar, gajeriya ce. Na yi zaton gangar zan yi kewa. Na samu masu yi mini ganga. Abin da ban samu ba shi ne wanda zan biya wa idan na taso daga daji, in zauna a kan tarin yadi ina ba shi labarin saniyar da ta kusa karya mini haƙarƙari, yana cewa da ma ta yi. An ba wani mai gyaran takalma rumfarka. Mutumin kirki ne, amma har yau idan na zo wucewa ta layin sai in sauya hanya.

Gwaggo ba ta yarda ba ni da lambarka ba. Duk zuwan da zan yi Mai Yara sai ta kore yara ta rage murya ta ce, “To, mi ya ce?” Tana zaton kana kirana a ɓoye. Na ƙare dabarun amsa mata. Ko ba za ka kira ni ba, ka nemi salular wani ka kira ta, ta ji muryarka ko sau ɗaya kafin kaka.

Idan kuma ka tashi zuwa, ka sauka gidana kamar da. Ba za ka ji ana kunna komai ba muddin kana ciki, na riga na gaya wa yara. Mu zauna haka nan. Muna da maganar da za ta ishe mu.

Allah ya tsare ka a inda kake, ya sa albarka a allurarka da karatunka, ya ba ka natsuwar da ka tafi nema. Allah ya jiƙan mahaifinka. Allah ya sa Balkisa ta zama mai ceton iyayenta, ya sanyaya zuciyar uwarta. Mu da muka rage, ya nuna mana daidai ya ba mu ikon bin ta, ya yafe mana inda muka karkace. Ya haɗa fuskokinmu da alheri. Amin.

Taubashinka,
Laminu
Dakoro